Muzurunmu, labulen falo da kwalbar da ake sokawa a bango

A ƙarshen watan Sha'aban da ya wuce na fara jin zarni a falonmu da ke kudancin Jidda, kuma na yi kwana uku ina wanke ƙasa ina ƙona turaren wuta kafin na gane cewa warin daga labule yake fitowa, daidai tsayin gwiwata. Washegari bayan sallar La'asar na ga abin da idona. Muzurun da muka tsinta yana ɗan jariri a ƙarƙashin mota ya je gaban taga, ya juya mata baya, ya miƙe jelarsa sama tana karkarwa, ya tattaka da ƙafafun baya, sannan ya tsarta ɗan fitsarin da bai kai cokali biyu ba a jikin labulen. A gefen wurin ne Hajiya, mahaifiyar maigidana, take ajiye sallayarta, kuma da na gaya mata sai ta ce, "'Yata, kyanwa dai ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu kamar yadda hadisi ya faɗa, amma fitsarinta ba a sallah da shi, don haka ki nemo mafita kafin azumi."

Abin da likitan dabbobi ya fara bayyana mini shi ne bambanci tsakanin fitsari da fesawa. Kyanwar da ta tsuguna ta zuba fitsari mai yawa a kan kafet ko katifa, yawanci ko dai kaskon yashin da take bahaya a ciki ne bai yi mata ba, ko kuma mafitsararta ce ke ciwo. Wadda ta tsaya a tsaye ta fesa kaɗan a bango, ƙofa ko labule kuwa, saƙo take barin wa 'yan uwanta cewa wurin yana da mai shi, kuma tana ƙara yin hakan idan hankalinta bai kwanta ba. Duk da haka sai da ya gwada fitsarin, domin kumburin mafitsara yakan kawo abin da ya yi kama da wannan, kuma ya gargaɗe ni cewa muzurun da yake yunƙuri fitsari bai fito ba, ba a kwana da shi a gida, saboda toshewar hanyar fitsari na iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Namu lafiyarsa ƙalau, sai dai ba a yi masa fiɗiya ba, shi ya sa warin yake da ƙarfi haka, don fitsarin irin wannan muzuru yana ɗauke da sinadarin felinin mai yawa. Bayan maigida ya tambayi limamin masallacinmu ko fiɗiya ta halatta ya samu natsuwa, sai aka yi aikin. Fiɗiya tana rage fesawa ƙwarai ko ta kawar da ita ga kusan tara cikin goma na muzurai, amma namu ya faɗa cikin ɗaya ɗin da ya rage: zarnin ya yi sauƙi, fesawar ta ragu, sai dai ba a kwana uku ba tare da na ga sabon tabo a labulen ba.

A nan ne na sayi Feliway, wata ƙaramar kwalba da kamfanin Ceva na ƙasar Faransa yake yi, wadda ake ɗaura wa kai a soka a soket kamar maganin sauro na lantarki. Duk mai kyanwa ya san yadda take goga kumatunta a ƙafar kujera ko a ƙafar mutum. A lokacin tana shafa wani sinadari ne da ake kira feromon, wanda hancinmu ba ya ji, ita kuwa tana karanta shi da wata gaɓa da ke saman bakinta, kuma ma'anarsa gare ta ita ce nan gida ne, babu abin tsoro. Likitan dabbobi ɗan Faransa Patrick Pageat ne ya rarrabe wannan sinadari kashi biyar, kuma kashi na uku, F3, shi aka kwaikwaya aka zuba a kwalbar. Hikimar ita ce kyanwa ba ta cika fesa fitsari a inda ta goga kumatunta ba. Kamfanin ya ce kwalba ɗaya tana yin kwana 30, tana kuma isar fili har murabba'in mita 70, muddin ba a ɓoye ta bayan kujera ko labule ba. Ni kuma na ƙara da nisanta ta daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, wadda a Jidda ba a kashe ta dare da rana.

Masana ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Wani bita da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka a 2010 ya ce yawancin binciken da aka yi a kan feromon bai kawo gamsasshiyar hujja ba, amma a 2011 Daniel Mills na Jami'ar Lincoln ta Ingila da abokan aikinsa suka haɗa bincike 10 a kan fesa fitsari, suka ga cewa feromon na iya taimakawa, haka ma magungunan kwantar da hankali irin su fluoxetine da clomipramine, waɗanda likita ne kaɗai yake rubuta su. Abin da na gani a gidana ya yi daidai da wannan matsakaicin hukunci. A wata na farko tabon ya koma sau ɗaya a mako, muzurun ya riƙa kwanciya a falo fiye da da, amma bai daina ba.

Abin da ya warware matsalar na gano shi ne wata asuba da na tashi shan ruwa. Gidanmu a hawa na ƙasa yake, sai na ga wani ƙaton baƙin muzurun titi mai yagaggen kunne zaune a kan injin sanyaya ɗaki da ke wajen taga, yana kallon ciki, namu kuma ya takure a bayan kujera gashin bayansa duk a tashe. Magunan titi ba sa ƙirguwa a Jidda, kuma maƙwabciyarmu, don neman lada, tana ajiye musu abinci daidai ƙarƙashin wannan tagar. Na same ta na ce, "Yaya, don Allah a matsar da kwanon nan can bakin layi," kuma ba ta yi musu ba. Maigida ya manna leda mai dushe gani a rabin gilashin na ƙasa, na ƙara kaskon yashi na biyu a wani lungu da babu yawan wucewa, na kuma daina wanke wurin da bilic ko wani abu mai amoniya, tunda amoniya tana kama da warin fitsari, tana jawo shi ya sake. Na koma ga ruwan wankin da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi, mai narkar da tabon fitsari. Tsawa ma na hana yara yi masa, domin tsoro ne tushen abin, tsawa kuwa ƙara shi take yi.

Da a ce wata za ta tambaye ni ko ta sayi kwalbar, zan ce ta saya idan tana da hali, don ba ta da araha kuma kowane wata ake sabunta ta, amma bayan likita ya duba kyanwar, bayan kuma ta zauna ta lura da wurin da ake fesawa da abin da ke kusa da shi. Mun cire tamu bayan wata uku, yau mako shida ke nan labulen a bushe yake, Hajiya kuma ta mayar da sallayarta gefen taga.