Sunan da na sa aka rubuta wa Baba a takardar mutuwa

Har yau in na tuna safiyar da aka cike fom ɗin rajistar mutuwar Baba sai raina ya ɓaci, layi ɗaya tal na sa aka rubuta amma wata huɗu ya cinye mana, ga kuɗin mota, ga Inna tana takaba kullum in na dawo sai ta kalle ni ta ce yaya dai, ni kuma ba ni da amsa.

Baba, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, an ɗauke shi aiki a 1976 lokacin da gwamnati ta kawo UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ana neman malamai ido rufe. Ya yi ritaya, ya rasu akwai ragowar haƙƙinsa da ba a gama biya ba. Bayan sadakar arba'in su Baffa suka ce tunda ni ne babba kuma ni na yi boko, ni zan bi takardu. Na karɓi takardar asibiti, na tafi sakatariyar ƙaramar hukumarmu wajen jami'in Hukumar Ƙidaya, don tun dokar 1992 rajistar haihuwa da mutuwa a hannunsu take. Wannan bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Ya tambaye ni sunan mamaci, na zaro katin zaɓen Baba daga aljihu na karanta masa, sunansa da sunan kakanmu, yadda duk gari aka san shi. Ya rubuta abin da na faɗa, ya buga hatimi, na fito ina murna wai an rage aiki.

Sai da na je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, akawun ya duba takardar ya duba littafinsa ya ce malam ai ba mu da mai wannan sunan. Na ce haba, mutumin da ya yi shekara 35 yana koyarwa a ƙarƙashinku? Ya ce shi dai abin da ke rubuce yake gani. Wallahi ranar da zafi na fita, a raina na gama yanke cewa wani abu yake so in ba shi, Allah ya yafe min wannan zato, mutumin gaskiyarsa ya faɗa.

Baffa ne ya warware min da daddare. Ya ce ɗana, ai babanka ba da sunan kakanku ya yi makaranta ba, da sunan ƙauyenmu aka rubuta shi. Zamanin En'e in an kwaso yara daga ƙauyuka a aji ɗaya sai ka samu masu suna iri ɗaya sun kai biyar, to sai a liƙa wa kowa sunan garinsu, shi ya sa ka ji Tafawa Ɓalewa, ka ji Shagari, ka ji Rimi, duk garuruwa ne. Na san wannan tarihin sarai, amma ban taɓa kawowa ya shafi gidanmu ba. Satifiket ɗinsa na koyarwa, wato Grade II, takardar ɗaukar aiki, fayil, fansho, dukkansu da sunan ƙauye suke, kuma takardun da ke hannunsa suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ɗakin da nake shiga kullum. Da na buɗe akwatin nan kafin in je sakatariya da minti biyar ya ishe ni. Abin da ke ci min rai kenan.

To yanzu a idon hukuma mutum biyu ne, ɗaya ya mutu bai taɓa aiki ba, ɗaya ya yi aiki bai mutu ba. Kuma mai sunan ba ya nan balle ya je kotu ya rantse da kansa. Dole Baffa, da ciwon ƙafarsa, na ɗauke shi a babur zuwa kotu ya yi takardar rantsuwa cewa yayansa ne kuma sunayen biyu mutum ɗaya ne. Sannan aka ce sai wasiƙa ta biyo hanya, mai unguwa ya rubuta wa dagaci, dagaci ya sa hannu ya tura wa hakimi, daga nan ta shiga ƙaramar hukuma. Kowane mataki mako guda ko fiye, yau hakimi ya tafi fada, gobe an yi rasuwa, in Juma'a ce kuwa kar ma ka ɓata man ka, bayan masallaci da wuya ka samu wanda kake nema. Talata da Laraba da sassafe su ne ranakun da na fi samun mutane a kujerunsu.

Ana cikin haka wata ta sake ɓullowa. Fayil ɗin da ke ofis bai cika ba, ya fara ne daga bayan 1991, don lokacin da Baba ya kama aiki garinmu yana cikin jihar Kano, sai da aka ƙirƙiro Jigawa a watan Agustan 1991 muka faɗa can, kuma an sake raba ƙananan hukumomi, takardu suka bi ta nan suka bi ta can. Duk wanda yake neman tarihin wani dattijo ya fara tambaya, a shekarar da abin ya faru garin nan a ƙarƙashin wace hukuma yake? Can tsohuwar hedikwata za ka nufa. Ni sai da na yi zuwa uku a inda ba nan ba kafin wani ya faɗa min.

A tsohuwar hedikwatar ma ba su buɗe min komai haka kawai ba, sai da na nuna katin NIN ɗina da wasiƙar hakimi da takardar rantsuwar Baffa. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa ina ganin daidai ne, ba zan so kowane baƙo ya shigo ya ce a ba shi fayil ɗin ubana a miƙa masa ba. Wanda ya fitar da ni wani tsohon masinja ne, ya kusa ritaya, da na faɗi sunan ƙauyen sai ya ce malamin nan dogo mai keke? Na ce shi ne Baba. Ya ce biyo ni yaro. Sito ne cike da ƙura, fayiloli an ɗaure da igiya, wasu gara ta ci gefensu, ya fi awa yana ɗagawa yana ajiyewa har ya zaro shi. A shafin farko ga hoton Baba yana saurayi ko gemu babu, ga rubutun hannunsa yana neman aiki, ga sunan ƙauyen nan ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma wajen sunan mahaifi ga sunan kakanmu. Shafi ɗaya ya haɗa sunayen biyun da na yi wata huɗu ina neman haɗawa. Na tsuguna a wajen na yi kuka, dattijon ya ƙyale ni sai da na gama.

Yanzu duk wanda ya zo min da irin wannan, abu ɗaya nake ce masa, dan Allah kar ka furta sunan mamaci a gaban kowane jami'i sai ka ga yadda yake a takardar aikinsa, ka kwafe shi harafi bayan harafi, Muhammadu daban Mohammed daban a wajensu. Kuma fotokwafi za ka riƙa bayarwa, asalin ya zauna a hannunka. Ni ban yi ba, Baffa ya hau babur sau biyu saboda ni.

Kuɗin sun fito, an raba wa magada a kotu. Hoton nan na roƙa aka bar ni na ɗauka da waya, na wanke shi babba, yana ɗakin Inna.