Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Ake Tambayar Mai Rikicin Hanji

A makon jiya mun tsaya a ɗakin duba marasa lafiya, wurin masu ciwon cikin nan da aka sha yi wa hoto da gwajin jini ba a ga komai ba. Yau zan jingine labarin kaina, domin wannan ɓangare na aikin sai an bi shi daki-daki.

Rikicin hanji, wanda likitoci ke kira IBS, yana da ƙa'idar ganewa da aka sabunta a 2016. Ciwon ciki ne aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata 3 na baya, wanda ya soma wata 6 ko fiye da suka wuce, yana kuma tafe da biyu cikin uku: alaƙa da zuwa bayan gida, canjin yawan zuwa, ko canjin kamannin bahaya. Kafin a sa masa wannan suna sai an tabbatar babu jini a bahaya, babu ramewa ba dalili, babu ƙarancin jini ko gudawar da ke tada mutum cikin dare. Wanda ciwon ya fara masa bayan shekara 50, ko yake da dangi da suka yi sankarar hanji, nasa binciken daban ne.

A nan ne yawanci ake tsayawa, a rubuta maganin olsa ko na taifot, a sallami mutum. Wata biyu sai ga shi ya dawo. Alhali hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, shi ya sa fargaba ke murɗa ciki, ciwon cikin kuma ya ƙara fargabar. Cikin mutum goma da suka yi gudawar ƙwayoyin cuta, kusan ɗaya kan zarce da rikicin hanji, kuma wanda yake cikin damuwa a lokacin ya fi shiga hatsari.

Ba a buɗe tambaya da "kina da damuwa?" Amsar ita ce alhamdu lillahi, shi ke nan an rufe ƙofa. Daga barci ake farawa. "Hajiya, ƙarfe nawa kike farkawa? In kin farka, yana komawa?" Sai cin abinci, sai abin da ke faruwa a gida lokacin da ciwon ya soma: rasuwa, bashi, rashin aiki, rikicin aure. Dole kuma a nemi ɗan rakiya ya ɗan ba da wuri cikin ladabi. Mace ba za ta faɗi abin da ke cin ta a gaban miji ko surukarta ba.

Bayan haka sai ma'auni. PHQ-9 tambaya tara ce kan ƙuncin zuciya cikin mako biyu da suka wuce, kowace daga sifili zuwa 3, jimilla 27. GAD-7 tambaya bakwai ce kan fargaba, jimilla 21. Maki 10 zuwa sama a kowannensu na bukatar a zauna sosai. Tambaya ta tara a PHQ-9, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a tsallake ta don kunya, kuma ko maki ɗaya aka samu a kanta, ba a barin mutum ya tafi sai an yi magana.

Mafi nauyi ita ce tambayar cin zarafi. A 1990 Douglas Drossman da abokan aikinsa a Amurka sun tarar kashi 44 cikin ɗari na matan da suka tambaya a asibitin ciwon ciki sun taɓa fuskantar duka ko lalata da su, kuma kaɗan ne suka taɓa gaya wa likita. Ni a ganina ba tambayar ranar farko ba ce, sai in marar lafiyar ce ta kawo zancen. Kuma kada a buɗe ta in babu inda za a tura ta neman taimako.

Kalmar da ke rusa komai ita ce "ba ki da komai, tunani ne." Ciwon na gaske ne. In za a ba da maganin amitriptyline, miligiram 10 da dare ake farawa, a faɗa mata tun farko cewa don kwantar da jijiyoyin hanji ne, yana busar da baki, yana sa barci, yana iya taurara bahaya. In ba a faɗa ba, ranar da mai kyamis ya ce mata ai maganin masu damuwa ne, ranar za ta daina sha.