Abin da ya wajaba bayan an tara kuɗin taimako

A shekarar 2014, lokacin da jama'a a sassan duniya suka riƙa sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗora bidiyon a Facebook, ƙungiyar ALS Association ta Amurka ta tara kimanin dala miliyan 115 domin yaƙi da cutar ALS, wadda ke lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi har ta kai mai fama da ita ya kasa numfashi da kansa. Abin da na fi daraja a wannan gangami shi ne abin da ya biyo baya, domin a 2016 masu binciken da aka tallafa wa da wani kaso na kuɗin sun sanar da gano ƙwayar halittar NEK1 mai alaƙa da cutar, ta haka kuma waɗanda suka ba da gudummawa suka ga inda kuɗinsu ya shiga.

A nan ne yawancin masu neman taimako a kafofin sada zumunta suke gazawa. Za ka ga an saka hoton yaro kwance a gadon asibiti, da lambar asusun banki a ƙasa, mutane su yi ta yaɗawa suna turo abin da ya sawwaƙa, sai kuma a ji shiru. Ba a faɗi nawa aka samu ba, ba a ce an yi aikin ko ba a yi ba, wani lokaci ma hoton yana ci gaba da yawo shekara guda bayan an sallami yaron, har wani mugu ya sauya lambar asusun ya sa tasa. Wanda aka yaudara sau ɗaya kuwa da wuya ya sake buɗe hannunsa, kuma mabuƙaci na gaskiya ne zai ɗanɗana kuɗar wannan.

Ina ganin duk wanda ya ɗauki wannan amana ya kamata ya bayyana adadin da ake nema tun farko, ya riƙa sanar da abin da ya shigo, ya nuna rasit ɗin asibiti, sannan ranar da kuɗin ya cika ya fito ya ce a dakata, tare da bayanin inda ragowar za ta tafi. Haka nan kada a saka fuskar mara lafiya sai da yardarsa ko ta iyayensa, domin hoton da aka ɗora a intanet ba ya gogewa bayan ciwon ya warke.