Darasin da Mutanen Dutse suka bar mini

Tunda na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, wasu daga cikinku sun tambaye ni shawarar da zan bar wa wanda zai gaji aikin rubuta tarihin duniyar wasanmu, kuma na ga ya fi dacewa in rubuta ta a fili, domin ta fi ƙarfin a faɗe ta a tsaye a bakin ƙofa. Kusan duk abin da zan faɗa ya ta'allaƙa ne ga Mutanen Dutse, ɗaya daga cikin al'ummomin wasan, da abin da aka yi musu.

Kun san yadda aka tsara duniyar tun farko. Na ƙi ɗauko halittun da wasannin Turawa suka saba da su, wato masu dogayen kunnuwa na cikin kurmi da gajerun maƙera na ƙarƙashin ƙasa, na gina al'ummomi uku a kan abin da idanunmu ke gani a nan Filato. 'Yan Ruwa suna zaune a tafkuna masu zurfi irin waɗanda haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru, Masu Ayari sun zo daga nesa da jakunansu suna neman ma'adini, su kuwa Mutanen Dutse suna noma acca a tsakanin duwatsu tun kaka da kakanni. Tushen rikicinsu daga tarihin garin nan na Jos na ciro shi. Kamfanonin Ingila sun fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, gonakin mutanen Birom da maƙwabtansu suka koma ramuka, leburori kuma suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, wasu don neman abinci, wasu kuwa tilasta musu aka yi tsakanin 1942 da 1944. Wanda ya rasa gonar kakansa yana da gaskiya, wanda aka haifi kakansa a barikin kuza shi ma yana da gaskiya, kuma labarin da ke riƙe ɗan wasa shi ne wanda aka tilasta masa zaɓi tsakanin masu gaskiya biyu.

Shugaban sashenmu bai ga haka ba. Abin da yake so shi ne al'umma guda da ɗan wasa zai riƙa kashewa yana tara maki ba tare da zuciyarsa ta sosu ba, kuma ya zaɓi Mutanen Dutse. Na ce masa, "Yallaɓai, in abokan gaba ake buƙata, a ba ni dama in rubuta rundunar wani sarki azzalumi a cikinsu, amma kada a ce dukansu haka aka halicce su." Na tuna masa cewa ko aljanu, waɗanda kowane yaro ke tsoro, Alƙur'ani ya nuna a suratul Jinni cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba salihai ba, kuma ko a labarin masu bori, birnin Jangare yana da gidaje da sarauta da dangantakar aure, da mai hali irin na Malam Alhaji da mai hali irin na Ɗan Galadima. Na kuma gaya masa cewa masu mallakar wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito tun 1974, su da kansu sun sanar a 2020 cewa za su daina nuna wasu jinsuna a matsayin miyagu tun daga haihuwa, har suka cire ragin makin basira da suka ɗora wa dodanninsu masu dogayen haƙora. Amsarsa ita ce, "Malam, wasa muke sayarwa, ba makaranta muka buɗe ba."

Bai sake tada maganar ba, sai da na buɗe kundin wata safiya na tarar an share babin noma da na aure da waƙoƙin girbi da na rubuta wa Mutanen Dutse, an maye gurbinsu da layi biyu masu cewa an halicce su da ƙishirwar jini kuma ba sa riƙe alkawari. An ƙara musu makin ƙarfi, an rage musu makin basira, aka kuma bar sunana a ƙasan shafin.

Waɗanda suka halarci gwajin da muka yi da ɗaliban jami'a ba su manta ba. Wani saurayi daga Unguwar Rogo ya karanta bayanin a wayarsa, ya yi murmushi, ya ce, "Ai mun san ko su wa ake nufi." Wata budurwa daga Unguwar Rukuba da ke zaune kusa da taga ta kife wayarta a kan tebur, ta ce ita ma ta sani, ta ɗauki jakarta ta fita. A garin da ya ga rikice-rikicen da ya gani a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010, garin da har yau mutum ke lissafin unguwar da zai ratsa kafin ya hau keke, ba a rubuta cewa wata al'umma mai hankali da harshe an haife ta da mugunta, sannan a ce ai tatsuniya ce. Mai karatu zai nemi maƙwabcinsa a cikin bayanin, kuma zai same shi. Da an ɗora wannan hali a kan Masu Ayari, da saurayin ne zai fita, budurwar ta yi murmushi.

A taron da ya biyo baya, shugaban ya shaida wa masu zuba jari cewa sashen rubutu ne ya yi sakaci, kuma zai gyara. Ban ce uffan ba, domin ba a yi mini tarbiyyar ƙaryata babba a gaban baƙi ba. Gyaran da ya yi shi ne maido da babin da na rubuta tun farko, harafi da harafi, kuma shi ne babin da 'yan gwaji suka fi yabawa daga baya, ko da yake a wannan karon ba sunana ne a ƙasansa ba.

Don haka, kai da za ka gaje ni, ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta tare da kwanan wata a wurin da kai kaɗai ke da mabuɗinsa. Ka zana taswira kafin tarihi, domin inda ruwa yake nan ne gari ke kafuwa kuma nan ne faɗa ke tashi. Kafin ka rubuta yadda wata al'umma ke yaƙi, ka san abin da take ci da yadda take binne matattunta. Kada ka ɗauki sunayen iskokin bori ka liƙa wa dodanni, domin akwai waɗanda har yanzu ba sa ɗaukarsu abin wasa, kuma akwai waɗanda ganin sunayen kaɗai zai sa su hana 'ya'yansu taɓa wasan.

Babin 'Yan Ruwa bai kammala ba. Na tsaya a kan dokar gadonsu, wato wanda zai mallaki tafki idan asalinsa gonar Mutanen Dutse ce, Masu Ayari ne suka haƙa ramin, ruwan sama kuma ya cika shi. Na rubuta hujjar kowane ɓangare a cikin kundin, kuma ina roƙon kada a bari shugaban ya yanke hukuncin shi kaɗai.