Hannun da yaron ya miƙo

Ɗazu da yamma ƙanina ya miƙo min wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya, wai "Yaya, zo ki ga mutumin nan." Tsohon fim ne na Charlie Chaplin na 1921, irin wanda ba a magana a ciki. Muna cikin dariya sai aka zo wurin da aka fizge yaron daga hannun talakan da ya tsince shi ya raine shi, aka jefa shi bayan mota za a kai shi gidan marayu. Ya miƙo hannu biyu yana kuka, baki a buɗe, ba ka jin muryarsa ko kaɗan. Wallahi nan take dariyata ta tsaya cak, wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Chaplin ya san zafin rabuwar nan a jikinsa. Yana ɗan shekara 7, a 1896, talauci ya kai su gidan gajiyayyu na Lambeth a Landan, aka raba shi da mahaifiyarsa Hannah. Giya ta kashe mahaifinsa a 1901. Abin da ya fi taɓa ni, yana shekara 14 shi da kansa ya kama hannun uwarsa ya kai ta asibiti da taɓin hankalinta ya tashi. Ƙanina ya ce, "Yaya, lafiya kika yi shiru?" Na rasa ta inda zan fara. Har yanzu Chaplin ɗan shekara 14 ɗin nan da ya koma gida shi kaɗai a ranar nake ta gani a raina.