Ranar da na gane kyandir ba ya cinye iska

Daga Tawa na zo Yamai karatun ilimin halittu. A shekarata ta ƙarshe Malam ya damƙa mini ƙwayoyin halitta na giliyobilastoma, wato mafi tsananin sankarar ƙwaƙwalwa da ke kama manya. Ko da an yi aiki, an gasa ƙarin, wato kumburin sankarar, da hasken radiyeshon, an ba da maganin temozolomide, kusan rabin masu ciwon ba su wuce wata 15. Wannan adadi ya tsaya mini a rai tun ranar farko.

Ƙarin yana girma da sauri har ya fi ƙarfin hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, alhali iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da mikiromita 100 zuwa 200, wato ƙasa da rubu'in milimita. Sai tsakiyarsa ta mutu. Amma ƙwayoyin da ke bakin wurin da ya mutu suna tsira, kuma su ne masu taurin kai, domin iska ta yi musu kaɗan, gashin radiyeshon kuwa yana buƙatar oksijin kafin ya yi ɓarna sosai. Aikina shi ne in ga da me suke tsira.

Ba mu da akwatin rage iska, sai na yi dabarar masu binciken ƙwayoyin cuta: na sa farantin ƙwayoyin cikin kwalba, na kunna kyandir, na rufe har ya mutu. Sati uku ina haka, ban ga wani bambanci ba. Malam ya dubi kwalbar ya ce, "Ɗana, kyandir yana mutuwa tun iska na da saura da yawa." Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kyandir kaɗan yake ragewa, ni kuwa kashi 1 nake nema. Sai da muka aro akwati mai rufewa ruf, muka cika shi da naitirojin, muka sa ma'auni a ciki, sannan aiki ya fara.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne kumburi. Idan oksijin ta yi ƙaranci, makamashin ƙwaya yana raguwa, famfon da ke fitar da sodiyam ya gaji, ruwa ya bi gishiri ya shiga, ƙwaya ta kumbura har ta fashe. A fatarta kuwa akwai wasu mitsi-mitsin ƙofofi da ke barin potasiyam da kuloraid su fita, ruwa ya bi su. Na gani da idona a madubin likita: na tsinka ruwan da suke ciki, suka cika suka yi tim kamar fanke a mai, bayan ƴan mintoci suka soma saɓewa a hankali, suna komawa girmansu. Da na zuba maganin da ke toshe ƙofar kuloraid, suka tsaya a kumbure. A farantin da ya kwana cikin ƙarancin iska, waɗanda aka toshe wa ƙofa sun fi shan shuɗin rinin da matacciyar ƙwaya kaɗai ke sha. Na daɗe zaune ina kallonsu. Da irin waɗannan ƙofofi ne kuma suke tsuke jiki su kutsa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, shi ya sa wuƙar likita ba ta iya kwashe su duka.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Akwai furotin HIF-1 alfa da ke taruwa idan iska ta yi kaɗan. A kan wannan tsari ne Kaelin da Ratcliffe da Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019. Da zarar oksijin ta dawo, cikin mintoci ƙwaya take narkar da shi. Ni kuwa nakan buɗe akwati, in je neman tiyo, in dawo. Sakamako ya fito wayam har sau biyu. Tun daga nan nake jera komai kafin in taɓa murfi, da ƙanƙara a gefe don sanyi ya rage saurin narkewar furotin ɗin. A watan Afrilu, zafi ya haura 40 kuma wuta na ɗaukewa, daga shagon maƙwabta nake sayo ta a cikin kula.

Da na je gida hutu, Inna ta tambaye ni abin da nake yi. Na ce mata a dafin kunamar hamada an samo wani sinadari, kulorotoksin, da ke manne wa irin waɗannan ƙwayoyi, har ana gwada shi don haska wa likita iyakar ƙari lokacin aiki. Ta yi shiru, sannan ta ce in riƙa kakkaɓe takalmina duk da haka.