Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Faifan da Baffa Ya Fasa

Makon jiya na tsaya a inda na fara zama a shagon faifai na Sabon Gari, wajen maigidana mutumin Ghana. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya sa har yau ba na barin suma a kaina, sai gemu. To, yau za ku ji.

A 1972 ne, ina ɗan shekara 17. Da yamma kasuwa ta lafa, maigida ya ɗora wani faifai ya ce in daina shara in saurara. Wata jita ce ta fara kuka kamar ana murɗa mata wuya, aka yi fiye da minti biyu ana kiɗa tsura, sannan murya ta taso daga can ƙasa. Kiɗan fim ɗin Shaft ne na 1971, mai muryar kuma Isaac Hayes. Tsintsiya na hannuna har faifan ya ƙare.

Lokacin kowa James Brown yake yi. Ya zo Legas a ƙarshen 1970, samarin Sabon Gari duk sun tara suma suna ihu irin nasa. Ni ihu bai taɓa karɓata ba. Muryata mai kauri ce tun ina makarantar allo, yara na cewa daga rijiya nake karatu, kuma abin yana min ciwo ƙwarai. Ranar nan na ji mutumin da irin wannan muryar ce jarinsa.

Maigida ne ya ba ni labarin Hayes guntu-guntu. An haife shi a 1942 a Covington, jihar Tennessee. Uwa ta rasu yana ƙarami, uba ya kama gabansa, kakanni suka riƙe shi, ya tsinki auduga a gonar mutane. Ni ma kun san Baffa ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Hayes ya yi shekaru a kamfanin faifai na Stax a Memphis, shi da David Porter suna tsara wa Sam da Dave waƙoƙi, sunan wasu ke fita. Sai a 1969 ya fito da Hot Buttered Soul, faifai guda waƙa huɗu kacal, ɗaya ta haura minti 18. A bangon faifan ba abin da ka fi gani sai ƙwaryar kansa tana sheƙi. Na je wajen wanzami aka yi min ƙwal-kwabo. Baffa ya gani ya ce alhamdu lillahi, ɗan nan ya shiryu.

A 1973, sabuwar naira ta fito, na tara ladan wata biyu na sayi Black Moses na Hayes, wato Baƙin Musa, faifai biyu a gida ɗaya. Bangonsa idan ka warware shi yana zama siffar gicciye, mutumin a tsaye ya buɗe hannuwa. Na manna shi a ɗakinmu na soro. A nan na yi kuskure, ban musa ba, gidan malamai ne, kuma ko sunan faifan bai dace da bangon gidanmu ba. Da Baffa ya cire hoton ya ƙona, da ban riƙe shi a rai ba. Amma sai ya fito da ni tsakar gida, ya karya faifan biyu a gwiwarsa, gaban Iya, gaban matansa, gaban 'yarsa da tun muna yara ake cewa tawa ce. Ya ce, “Kai yaro, maroƙi ko ya hau doki, hannunsa a miƙe yake.”

Na durƙusa na ce, “Baffa, wannan ba maroƙi ba ne, shi yake rubuta kiɗansa.” Ya ce in rufe masa baki.

Ranar 10 ga Agusta 2008 Hayes ya rasu a Memphis yana da shekara 65. Babban ɗana ne ya faɗa min, kuma abin da ya fara faɗo min a rai ba waƙa ba ce, wannan maganar ce ta doki da hannu. Shekara 35 ke nan lokacin, tana nan daram.

Mu koma baya. Abin da Baffa bai sani ba, Hayes ya so ya fito a matsayin jarumin Shaft, amma darakta Gordon Parks ya ba Richard Roundtree, shi aka bar masa kiɗa. Kiɗan da aka bar masa ne ya ci Oscar a 1972, baƙar fata na farko da ya ci a ɓangaren waƙa, ya tsaya gaban duniya ya gode wa kakarsa. A 1974 ya samu abin da yake nema, ya fito jarumi a Truck Turner, mai farautar waɗanda suka tsere bayan beli. Na kalle shi a silima sau uku. 'Yan kallo sun saba da Indiya da 'yan Chana, wasu na ta tsaki, ni kuwa ban ko motsa ba. Gaskiya fim ɗin bai kai kiɗansa ba, akwai harbe-harbe na babu gaira babu dalili. Amma in ya buɗe baki sai silima ta yi tsit.

Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, sun shigo a 1975, ma'aikata na sayen rediyo mai faifai, otal-otal na neman makaɗa. Muka haɗa ƙungiya mu biyar, ni ke waƙa, a ɓoye. Wata shida muna yi wa wani mai otal wasa duk Asabar, ba takarda, sai “za mu daidaita”. Ranar da muka nemi haƙƙinmu ya ce ai kayan kiɗan nasa ne, abincin da muka ci ma bashi ne.

A daidai wannan tsakanin Stax ta rushe a 1975, a 1976 Hayes ya karye, gida ya tafi, har haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa ya fita daga hannunsa. Na yi suɓutar baki na gaya wa yayana, shi kuma ya kai gaba. Baffa ya kira ni bayan isha'i, bai ɗaga murya ba. “Ina dokin?” ya ce. “Ban faɗa maka ba?”

Ba waƙa ce ta karya shi ba, Baffa, Allah ya jiƙanka. Bashin banki ne da takardun da aka sa wa hannu. Kai ma 'yan bashi sun cinye maka shago biyu a Kwari, ba wanda ya kira ka maroƙi, cewa aka yi jarrabawa ce. Wannan amsar a raina ta tsaya. A daren na ce “Haka ne, Baffa”, na ajiye waƙa, kuma ban sake hawa dandamali ba.

Shi Hayes bai ajiye ba. Fim ne ya ɗauke shi lokacin da faifai ya daina ciyar da shi. A 1981 ya fito bos a Escape from New York, na gani a bidiyo daga baya. Daga 1997 ya yi muryar kuku a katun ɗin South Park, wanda ban so ba saboda batsarsa, ban kuma bar yarana sun kalla ba. A 1992 mutanen Ada a Ghana suka naɗa shi sarauta, daga baya ya gina musu makaranta. Na so Baffa ya ji wannan, amma ya riga mu gidan gaskiya tun 1989.

Muryar tawa a tallar rediyo ta ƙare, sabulu da maganin sauro, wannan sai wani kashin. Gutsuren faifan kuwa Iya ce ta tsince su a daren, ta ƙulle a tsumma ta tura min ƙarƙashin tabarma, suna nan a akwatina. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka ɗaura auren 'yar Baffa da wani, aka kuma sa ni rabon goro.